Haɗa bashin karatu ba rage shi ba ne

Jiya a unguwar Nima ta Accra wata hajiya ke ta murna wai ɗanta da ya gama jami'a a Amurka ya haɗa basussukan karatunsa wuri ɗaya, shikenan bashi ya ragu. Hajiya ki yi haƙuri, ko pesewa ɗaya bai ragu ba. Gwamnatin can tattara su kawai take yi su zama ɗaya, kuɗin ruwa kuma matsakaicin na tsoffin ake ɗauka, har ma a ɗan ɗaga shi kaɗan. Biyan wata-wata ne ke sauka saboda ana iya jan shi har shekara 30, to kin ga ruwan da zai biya gaba ɗaya ya fi na da kenan.