Song Kang-ho: Jarumin Koriya ta Kudu mai fuskar talaka

Wane ne Song Kang-ho?

An haife shi ranar 17 ga Janairu, 1967 a garin Gimhae, kusa da Busan, a Koriya ta Kudu. A dandamalin wasan kwaikwayo ya goge kafin ya shiga fim a 1996. Sunansa ya fara tashi a 1997, da ya fito a matsayin ɗan daba mai i'ina a fim ɗin No. 3.

Me ya bambanta shi da sauran jarumai?

Fuskarsa. Ba shi da irin kyawun samarin da ake gani a wasannin talabijin na Koriya. Idan ka gan shi sai ka ɗauka maƙwabcinka ne, shi ya sa ya fi dacewa da matsayin direba, ɗan sanda na ƙauye, ko magidancin da talauci ya yi wa katutu. Yakan sa ka dariya, kafin ka ankara kuma tausayinsa ya kama ka. A ganina, nan ƙwarewarsa take. Ko a Joint Security Area na 2000, sojan Koriya ta Arewa ya fito, amma sai da 'yan kallon Kudu suka ƙaunace shi.

Yaya dangantakarsa da darakta Bong Joon-ho?

Fina-finai huɗu suka yi tare: Memories of Murder a 2003, The Host a 2006, Snowpiercer a 2013, sai Parasite a 2019. Na farkon an gina shi ne a kan kashe-kashen mata da aka yi a Hwaseong tsakanin 1986 da 1991. Lokacin da fim ɗin ya fito ba a san mai laifin ba, sai a 2019 aka gano shi ta gwajin ƙwayoyin halitta. Parasite kuwa ya ci Oscar huɗu a 2020, har da na gwarzon fim, karo na farko da fim ɗin da ba na Turanci ba ya samu wannan lambar. Abin takaici, ko sunan Song ba a saka cikin 'yan takarar gwarzon jarumi ba, alhali shi ne ginshiƙin fim ɗin.

Ya taɓa shiga rikicin siyasa?

Ƙwarai. A 2013 ya fito a The Attorney, labarin da ya samo asali daga rayuwar tsohon shugaban ƙasa Roh Moo-hyun lokacin yana lauya. Daga baya aka ga sunan Song cikin jerin 'yan fasahar da gwamnatin Park Geun-hye ta sanya wa ƙahon zuƙa. Hakan bai hana shi yin A Taxi Driver a 2017 ba, inda ya fito a direban tasi da ya kai ɗan jaridar Jamus birnin Gwangju yayin da sojoji ke murƙushe masu zanga-zanga a 1980. Mutum sama da miliyan 12 suka kalle shi a sinima.

Wace lambar yabo ce mafi girma da ya ci da kansa?

Gwarzon jarumi a bikin Cannes na Faransa a 2022, saboda fim ɗin Broker na daraktan Japan Hirokazu Kore-eda. Shi ne namiji ɗan Koriya ta Kudu na farko da ya samu wannan lambar.