Waiwaye: Yadda aka gano ciwon ƙoda yana taɓa basirar yaro

A unguwanninmu na Wad Madani, da Mai Wurno, da Gadarif a ƙasar Sudan, idan yaro ya wayi gari fuska a kumbure, ƙafafu sun yi suntum, kowa ya san ba lafiya, za a nufi asibiti ko wajen mai magani. Amma idan yaron ya kasa riƙe allonsa a khalwa, wato makarantar allo, ana biya masa aya yana mantawa, ko malamin makarantar boko ya ce hankalinsa ba ya zama wuri ɗaya, da wuya a ji wanda ya ambaci ƙoda. Sai a ce daƙiƙi ne, ko a ce wasa ya yi masa yawa, wani lokaci bulala ta biyo baya. Su ma likitocin duniya sun daɗe ba su haɗa waɗannan abubuwa biyu ba.

A 1827 ne Richard Bright, wani likita a Landan, ya nuna alaƙar kumburin jiki da lalacewar ƙoda. Daga nan aka shafe fiye da shekara ɗari babu abin da za a iya yi wa wanda ƙodarsa ta daina aiki. Sai a 1945 Willem Kolff ya ceci wata mata a Holan da injin wankin jini da ya ƙera, a 1954 aka yi dashen ƙoda na farko da ya yi nasara a Boston, a 1960 kuma Belding Scribner ya samo hanyar da za a riƙa wanke jinin mutum mako bayan mako. A duk wannan zamani abin da ake tambaya ɗaya ne: zai rayu? Ba wanda zai ga laifinsu.

Da yara suka fara rayuwa sai wata matsala ta fito fili. A 1982 likitoci a Minnesota ta Amurka suka ba da rahoton yara 23 da ƙodarsu ta gaza tun suna jarirai. 20 daga cikinsu sun samu mummunar tawayar ƙwaƙwalwa, kai bai girma yadda ya kamata ba, ga jijjiga, ga jinkirin zama da magana. Abin tausayi, wani ɓangare na ɓarnar daga maganin kansa ya fito. A lokacin ana ba masu ciwon ƙoda magani mai sinadarin alminiyam don ya rage gishirin fosfet a jini, ruwan wankin ma yakan zo da shi, ƙodar da ta gaza kuwa ba ta iya fitar da shi, sai ya taru a ƙwaƙwalwa. Tun 1976 wani likita, Allen Alfrey, ya nuna haka a jikin manya. Da aka daina ba yara wannan magani, aka tace ruwa, aka dage wajen ciyar da jarirai ko da ta bututu ne, sannan a 1989 aka samu allurar da ke sa jiki ya yi jini, sai irin waccan tawaya ta ragu ƙwarai.

Abin da ya saura shi ne wanda ba ya ihu, kuma shi ya fi damuna. A 2003 aka fara wani dogon bincike a Amurka da Kanada, ana bin ɗaruruwan yara masu ciwon ƙoda da bai kai ga wanki ba. Mafi yawansu basirarsu tana cikin ma'aunin sauran yara, amma wani kaso mai yawa suna baya a wajen natsuwa, da riƙe abu a ka na ɗan lokaci, da tsara aiki daga farko zuwa ƙarshe. Wani nazari na 2018 da ya tattara bincike da dama ya nuna gibin ya kai kimanin maki 10 a gwajin basira, ya fi faɗi ga masu wankin ƙoda, ya ɗan ragu ga waɗanda aka yi wa dashe. Maki 10 ba ya hana yaro gaisuwa ko zuwa aike. A gaban allo da lissafi ake ganinsa.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Dattin da ƙoda ta kasa tacewa yana yawo a jini ya isa ƙwaƙwalwa. Ƙarancin jini yana rage iskar da take samu. Hawan jini, wanda mutanenmu ke ɗauka ciwon tsofaffi ne, yana cin ƙananan jijiyoyin kan yaro a ɓoye. Yaron ba ya son abinci, barcinsa ba ya nisa. Kuma wanda ke kwanciya gefen inji sau 3 a mako, awa 4 kowane zuwa, yaushe zai zauna a aji? Duk wannan yana faruwa a shekarun da ƙwaƙwalwa ke ginuwa, domin kafin yaro ya cika shekara 6 ta kai kusan kashi 90 cikin ɗari na girmanta.

Labarin raunin ƙwaƙwalwa ma haka ya bi. A shekarun 1930 Margaret Kennard ta yi gwaji da birai, aka ɗauki sakamakonta a matsayin hujjar cewa ƙwaƙwalwar yaro tana gyara kanta fiye da ta babba. Mu ma mukan ce jikin yaro ɗanye ne, nan da nan zai warke. Binciken da Vicki Anderson da abokan aikinta suka yi a Melbon ta Ostareliya ya nuna akasin haka ga rauni mai tsanani: wanda ya bugu yana ƙarami shi ya fi shan wuya daga baya. Yaro zai faɗo daga kan amalanke, ya suma, ya farfaɗo, a yi hamdala. Sai bayan shekaru, lokacin da karatu ya fara neman tsari da haƙuri, gibin ya bayyana, a lokacin kuwa an manta da faɗuwar.

A wajenmu cututtukan da ke bugun ƙoda da ƙwaƙwalwa lokaci guda ba baƙi ba ne. Zazzaɓin cizon sauro mai hawa kai shi ne na gaba. A Yuganda an bi yaran da suka tsira daga gare shi, aka samu kusan ɗaya cikin huɗu da raunin fahimta bayan shekara 2, wani bincike na 2019 a can kuma ya nuna waɗanda zazzaɓin ya taɓa musu ƙoda sun fi zama cikin haɗarin. Sai sikila, wadda muka zo da ita cikin jininmu tun daga ƙasar Hausa: tana toshe ƙananan jijiyoyin kai ba tare da an ga shanyewar jiki ba, tana kuma cin ƙoda a hankali. A Kano an gwada ba irin waɗannan yara maganin haidroksiyuriya don kare su daga shanyewar ɓarin jiki, an kuma ga amfaninsa. Ga tsargiya a magudanan ruwan Jazira, inda yaranmu ke wanka tun da aka kammala madatsar Sinnar a 1925. Fitsarin jini da ake yi wa kallon abin da kowane yaro ke yi yana iya toshe mafitsara har ƙoda ta kumbura. Akwai kuma jariran da ake haifa da toshewar hanyar fitsari, da cututtukan ƙoda na gado waɗanda auren zumunci ke ƙara yawansu. Na san wannan magana ce mai nauyi a gidajenmu, amma ɓoye ta bai taɓa warkar da kowa ba.

Sudan ba ta zauna hannu rabbana ba. An yi dashen ƙoda na farko a Khartum a 1974, daga baya asibitin jami'a na Soba ya buɗe sashen ƙodar yara, Wad Madani ta samu asibitin ƙoda na kanta, gwamnati kuma ta ɗauki nauyin wanki, abin da muke kira gasil. An kai matsayin da za a fara tambayar yadda karatun waɗannan yara yake. Sai yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023. Masu wanki suka gudo daga Khartum zuwa Madani, a Disamba ita ma Madani ta faɗi, suka sake ɗaukar kaya zuwa Sinnar, da Gadarif, da Kasala, da Bur Sudan. Cibiyoyi suka cika, kayan aiki suka yi ƙaranci, aka rage wa mutane yawan zuwa wanki. Makarantu suka rufe fiye da shekara guda, wasu suka zama matsugunin 'yan gudun hijira.

Yanzu da wasu iyalai ke komawa gida, yaran da suka tsallake wannan za su koma aji tare da sa'o'insu. Gwajin fitsari da ɗan tsinken takarda, da awon jini da maɗaurin hannu daidai da damtsen yaro, ba su fi ƙarfin ƙaramin asibitin unguwa ba. Idan uwa ta kai ɗanta, ta gaya wa likita tarihin duka: zazzaɓin da ya taɓa sumar da shi, faɗuwar da ya yi yana ɗan shekara 3, fitsarin jinin da ya yi da damina. Shi ma malam a gaya masa, ya zaunar da yaron kusa da shi, ya rage masa tsawon biyawa, ya maimaita masa sau biyu ko uku.