Endoskofi ba hoton ciki ba ne kawai

Tun da masu shirye-shiryen lafiya a gidajen rediyon Sakkwato suka kama kalmar endoskofi, ta shiga bakin kowa, kuma mafi yawan masu faɗinta suna jera ta da sikanin, su ce hoton ciki. Wannan fassara tana ci mini tuwo a ƙwarya, domin ta tauye rabin aikin. Asalin kalmar Girkanci ne, ma'anarta leƙa ciki, amma siririn bututun nan mai fitila da kyamara da ake turawa cikin jikin mara lafiya a wannan aikin yana da kafar da likita ke zura allura, ya yi magani a daidai wurin da ya ga ciwon.

A ɗauki mutumin da aka taɓa yi wa tiyata aka haɗa hanjinsa da hanyar maɗaciya, daga baya kuma babbar jijiyar da ke kai jini daga hanji zuwa hanta ta toshe, ko hantar ta ƙandare saboda ciwon hanta nau'in B. Jinin da ya rasa mafita sai ya nemi wata hanya, kuma sau da yawa a wurin ɗinkin nan yakan samu, ƙananan jijiyoyi su kumbura a bangon ƙaramin hanji har wata rana su fashe. Mara lafiya ya riƙa yin bayan gida baƙi ƙirin, yana ganin jiri, dangi kuma su yanke hukunci cewa olsa ce, alhali babu abin da maganin olsa zai tsinana masa.

Ƙaramin hanji ya kai kimanin mita 6, bututun da aka saba amfani da shi kuwa iyakacinsa farkon hanjin. A 2001 likitan Japan Hironori Yamamoto ya fito da bututu mai balan-balan biyu, ana hura ɗaya ana sace ɗaya, ana tattaro hanjin sannu a hankali har a isa inda jinin ke zuba. A nan likita ke tsira wa jijiyar wani gam na musamman da ke daskarewa nan take, ba tare da an sake tsaga ciki ba. Akwai haɗarin gam ɗin ya bi jini zuwa huhu, kuma matsin jinin da ya haddasa kumburin yana nan, shi ya sa wasu majinyata ke buƙatar a buɗe musu jijiyar da ta toshe ko a yi wa jinin sabuwar hanya ta cikin hanta.