Mene ne sarandifite, kuma me ya sa masana ke bincike a kanta?

A shekarar 2000 wata tawagar masana ƙarƙashin Paul Sereno na jami'ar Chicago ta shiga Tenere tana neman ƙasusuwan dinoso. Mai ɗaukar hotonsu, Mike Hettwer, ya ɗan ratse zuwa wasu tuddan yashi, sai ya iske ƙasusuwan mutane a fili. Wurin shi ne Gobero, maƙabarta mai kaburbura kusan 200, waɗansu sun kai kimanin shekara 10,000, tun zamanin da akwai tabki a tsakiyar hamada. Irin wannan gamo da katar shi ake kira sarandifite, kalmar da ɗaliban jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ke cin karo da ita a littattafan Faransanci da na Ingilishi.

Ma'anarta ita ce mutum ya samu abu mai daraja wanda bai fita nemansa ba, kuma ya gane darajarsa. Sharaɗi na biyun ne ya raba ta da sa'a zalla. Wani marubucin Ingila, Horace Walpole, ya ƙirƙiro kalmar cikin wata wasiƙa a 1754, daga tatsuniyar Farisa ta ƴaƴa uku na sarkin Sarandib, tsohon sunan Siri Lanka. Su ne suka siffanta raƙumin da ba su taɓa gani ba, suka ce mai ido ɗaya ne, don sun lura ciyawar gefe ɗaya kawai ya ci. Makiyayin Tawa ba zai yi mamakin wannan ba, bin sawu aikinsa ne.

A fagen kimiyya misalai sun yi yawa. William Perkin yana ɗan shekara 18 a 1856 yana ƙoƙarin haɗa kinin, maganin zazzaɓin cizon sauro, sai ya samu baƙin dattin da ya zama rini mai launin shunayya, masana'antar rini ta zamani ta tashi daga nan. Alexander Fleming a 1928 ya ga fumfuna ta kashe ƙwayoyin cuta a farantin gwajinsa, amma sai da Howard Florey da Ernst Chain suka sha wahala a Oxford fiye da shekara goma bayan haka kafin fenisilin ya zama magani. Ko uraniyom ɗinmu, masu neman tagulla ne suka fara gano shi a Azelik a 1957.

Wanda ya fi burge ni ya faru a yankin Maraɗi a 1983. Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya da dashen itatuwa ya yi ta ba shi kunya, ya tsaya rage iskar taya don ya ratsa yashi. Ya dubi wani ɗan tsiro a gona, ya gane ganyensa na babban icce ne da aka sare, saiwarsa na nan da rai. Dubban mutane na wuce irin waɗannan kututture kullum. Daga wannan kallo, da ilimin da manoma ke da shi tun dā, sassaben zamani, wato barin kututture su sake toho ana kula da su, ya bazu har aka kiyasta ya farfaɗo da kusan hekta miliyan 5.

Tambayar masu bincike ita ce: ana iya shirya wa katari wuri? Masanin zamantakewa Robert Merton da Elinor Barber sun bi tarihin kalmar tun shekarun 1950. Ohid Yaqub na jami'ar Sussex ya kasa ta gida huɗu a 2018, gwargwadon ko mai binciken yana da abin da yake nema, da ko abin da ya samu ya warware matsalar yau ne ko ta gobe. Maganar ta shafi kuɗi: mai ba da tallafi da ke son a faɗa masa sakamako tun kafin a fara aiki yana toshe ƙofar da Perkin ya shigo ta cikinta.

Masu fasaha su ma sun san ta. Jean Rouch, mai shirya fim ɗan Faransa, ya rasa ƙafafun kyamararsa a kogin Kwara cikin tafiyarsa ta 1946 zuwa 1947, dole ta sa ya riƙa ɗauka da hannu, abin ya zama salonsa.

A fannin kwamfuta kuwa matsalar a juye take. Manhajojin Facebook da TikTok da YouTube suna koyon abin da kake so, su yi ta ɗura maka irinsa. Ka kalli kokowar Issaka Issaka sau biyu, gobe wayarka ta cika da kokowa. Shi ya sa masu bincike kan irin waɗannan manhajoji suka sa sarandifite cikin ma'aunan da suke gwada aikinsu da su: abin da aka nuna maka ya zama ba ka zata ba, amma ya yi maka amfani. Auna wannan da wuya, don amfanin abu kan bayyana bayan wata ko shekara, alhali kamfani na ƙirga dannawar yau ne. A ganina har yanzu mai yawo tsakanin kantocin laburare, ko mai zaman fada da mutanen da ba sana'arsu ɗaya ba, ya fi mai latsa waya damar jin abin da bai nema ba.