Winslow, Arizona

Winslow ƙaramin gari ne a gundumar Navajo da ke arewa maso gabashin jihar Arizona ta ƙasar Amurka, kusa da kogin Little Colorado. Ƙidayar shekarar 2020 ta nuna yana da mutane 9,005. Ƙasa ce mai tudu da ƙarancin ruwan sama, kuma garin na daf da yankunan ƙabilun Navajo da Hopi.

Tarihi

Tun kafin zuwan Turawa kakannin Hopi sun zauna a wannan wuri, kufansu na nan har yau a Homolovi, ɗan nesa kaɗan da gari. A 1876 wasu mabiya ɗariƙar Mormon suka kafa ƙauyen noma a bakin kogin, amma bai daɗe ba suka watse.

Layin dogo ne ya haifi garin. Wajen 1880 zuwa 1882 kamfanin Atlantic and Pacific ya zaɓi wurin a matsayin zango, inda ake sauya direbobi da masu hura wutar injin, a shayar da injuna ruwa, a duba lafiyar taragu. Jirgin wancan zamani da tururi yake tafiya, ba ya yin nisa sai ya sha, don haka duk inda aka sami ruwa a hamada nan ma'aikata ke kafa gidaje. Akwai saɓani kan asalin sunan: wasu na danganta shi da Edward F. Winslow, shugaban wani kamfanin jirgin ƙasa, wasu kuma da wani mai neman ma'adinai. Daga baya layin ya koma hannun kamfanin Santa Fe, kuma a 1900 garin ya sami hukumarsa ta kansa.

A 1929 aka buɗe filin jirgin sama wanda shahararren matuƙin jirgin sama Charles Lindbergh ya sa hannu wajen tsara shi. A 1930 kuma kamfanin Fred Harvey ya buɗe otal ɗin La Posada a gefen tasha, ginin da Mary Colter ta zana kamar gidan gonar attajiran Sifaniyawa, da lambuna da farfajiya mai faɗi, ƙofarsa na fuskantar layin dogo saboda ta nan baƙi ke sauka. Fasinjoji suka ragu, aka rufe shi a 1957, aka sayar da kayan ɗakunan, kamfanin jirgin ya mayar da ginin ofisoshi. Saura ƙiris a rushe shi kafin Allan Affeldt ya saye shi a 1997 ya gyara.

Tattalin arziki

Bayan jirgin ƙasa, babbar hanyar Route 66 da ta ratsa tsakiyar gari ita ce ta riƙe gidajen mai da na abinci. Da sabuwar hanyar Interstate 40 ta kewaye garin a ƙarshen shekarun 1970, kasuwa ta faɗi, shaguna da yawa suka rufe. Yau kamfanin jirgin ƙasa na BNSF na ɗaukar ma'aikata, haka ma gidan yarin jiha da asibitoci. Jirgin fasinja na Amtrak, Southwest Chief, yana tsayawa a tashar. Masu yawon buɗe ido kan zo ɗaukar hoto a dandalin da aka buɗe a 1999 saboda waƙar ƙungiyar Eagles ta 1972 da ta ambaci garin.

Mulki

Magajin gari da majalisa ke jan ragamar garin, manajan da suka naɗa ke gudanar da ayyukan yau da kullum.