Cakulan Ba Alawar Turawa Ba Ce Tun Asali

Mutane da yawa sun ɗauka a Turai aka ƙirƙiro cakulan, kuma tun fil azal zaƙi gare shi. Ko kusa. Bishiyar koko, wadda ake yin cakulan da ƙwayoyinta, daga nahiyar Amurka ta fito, kuma Mayawa da Aztek, tsoffin al'ummomin yankin Meziko da Amurka ta Tsakiya, shan sa suke yi, ba tauna ba. Sukan gasa ƙwayoyin, su niƙa, su dama da ruwa da barkono, su yi ta juyewa daga wannan ƙwarya zuwa waccan har kumfa ta taso. Ɗaci kuwa ba a magana! Aztek har kuɗi suka mai da ƙwayoyin a kasuwa.

Sai a ƙarni na 16 Sifaniyawa suka kai shi Turai, aka zuba masa sukari. Sandar cakulan da muke ɓantara yau kuwa, sai 1847 kamfanin Fry ya fitar da ita a Ingila.