Kalmar "sequence": ga amsa a rubuce, kowa ya huta

Tun da zangon nan ya kama, ɗalibai ke tare ni a bakin aji da tambayoyi iri ɗaya a kan kalmar nan ta Turanci. Bakina ya gaji.

Mece ce ma'anarta?

Jeri. Abubuwa bi da bi, kowanne a gurbinsa.

Yaya ake faɗinta?

Sikwans, a ja "si" ɗin. Ku daina liƙa mata wasali a wutsiya.

Ke nan duk tarin abubuwa sequence ne?

A'a. A ce lambar sirrin katinka na ATM 4719 ce, je ka danna 9174 ka ga ko na'ura za ta ba ka ko sisi. Lambobin suna nan yadda suke, jerin ne ya rikice.

Malam, yaushe za mu ce sequence, yaushe za mu ce series?

Yauwa, yanzu kuka yi tambaya. A lissafi babu wasa: 2, 4, 6, 8 sequence ne, amma 2 + 4 + 6 + 8, wanda ya ba da 20, series ne. Wanda ya cakuɗa su a WAEC ya zubar da makinsa da hannunsa.

A maganar yau da kullum kuwa abin da ɗan santsi. Ni dai gwajin da nake yi shi ne, in aka hautsina jerin, abin zai ɓaci? Ku duba tuƙin tuwo: ruwa ya tafasa, a yi talge, ya dahu, sannan a zuba gari a tuƙa. Wadda ta tsallake talge ta antaya gari, gudaji za ta kwasa. Wannan sequence ne. In kuwa abubuwa ne iri guda suka biyo juna, kamar taro biyar a wata ɗaya, series ya fi dacewa.

Sai dai kada ku riƙe wannan kamar doka. Shirin talabijin mai dogon zango series ake ce masa, alhali ba mai kallon kashi na 10 kafin na 1. Turawan ma suna cewa "a series of events", suna kuma cewa "a sequence of events", duka daidai ne. Na biyun ya fi nuna me ya riga me, don haka in rahoton haɗarin mota kake rubutawa, shi za ka ɗauka. In ka kuskure a hira, kwantar da hankalinka, ba wanda zai kama ka.

Jam'inta fa?

Sequences. Shi series ba ya canzawa, ɗaya ko goma. Na taɓa ganin "serieses" a takardar jarrabawa, jan birona bai yi mata da sauƙi ba.

Daga ina ta samo asali?

Daga Latin, "sequi", wato bi. Tushensu ɗaya da consequence, abin da ya biyo baya.

A ba mu misali ɗaya da ya shahara.

Jerin Fibonacci, mutumin Pisa a Italiya, wanda ya kawo shi a littafinsa na shekarar 1202: 1, 1, 2, 3, 5, 8, 13. Daga ta uku zuwa gaba, kowace lamba jimlar biyun da suka gabace ta ce. Ku kawo min ta gaba ranar Litinin, kuma ban yarda da kwafe ba.